Sabon fenti, matacciyar roba: zare a kan tsofaffin Fijo na arewacin Zamfara

1/
Zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk matashin da ya gaji Fijo 504 a gidansu, ya kai aka fesa mata fenti, ya sa mata rim mai walƙiya da sifika mai girgiza unguwa, amma ya bar robar ƙofa ta bushe tana karyewa kamar ƙanzo, to likkafani mai tsada kawai ya ɗinka mata. Zare ne, ku gyara zama. 🧵

2/
Da ku nake, samarin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Moriki da Birnin Tsaba. 'Yan kwanakin nan ɗora hoton tsohuwar mota ya zama yayi. A jingina da gabanta, a sa tabarau, a rubuta "motar Baba ta dawo". Ma sha Allah, na ji daɗi. Amma ɗan buɗe mana ƙofar baya mu gani mana.

3/
Ba a buɗewa, don an san abin da ke wurin. Roba ta tsattsage, wani wuri ta fita gaba ɗaya an cusa tsumma, wani wuri an liƙa yankin tib ɗin taya da gam. Ƙasan ƙofa kuma ya yi ƙuraje a ƙarƙashin sabon fentin. Ƙurajen nan tsatsa ce ke gaishe ka daga ciki.

4/
Kafin wani ya ce "duk wannan surutun a kan akwala?", bari mu tuna ko wace mota ce. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 Ove Andersson ya cinye gasar Safari da ita a Kenya, tseren da ake yi cikin laka da duwatsu, inda yawancin motocin da suka tashi ba sa kai ƙarshe.

5/
A wannan shekarar dai, 1975, kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Har jiragen sama na kaya aka riƙa tasowa daga Lyon zuwa Kano ɗauke da sassan mota, daga nan a yi Kaduna da su. Turawa sun daina yi wa kansu salun ɗin 504 a 1983. Mu muka ci gaba da ita har tsakiyar shekarun 2000.

6/
Ma'ana, wadda ke kwance a ƙofar gidanku mai yiwuwa hannun ɗan Najeriya ne ya ɗaura mata ƙofa. Ita ta kai alƙali kotu, ta kai amarya ɗaki, ta kai mai naƙuda asibiti. A-kori-kurarta ta yi jigilar buhunan gero da wake daga kasuwar Alhamis ta Shinkafi fiye da yadda za a ƙirga. Kuma an daina yin ta. Duk wadda ta mutu, ta tafi ke nan.

7/
To me ke kashe ta? Tambayi kowane tsohon bakanike a Ƙaura ko Gusau. Injin Fijo ana sauke shi a yi masa aiki ya tashi. Giya ana samu, ƙafa ana gyarawa. Jiki ne ba ya dawowa. Ranar da ƙasan mota ya ruɓe, kujera ta fara neman titi, ranar 'yan gwangwan suka yi kasuwa. Su a kilo suke saye, ba ruwansu da tarihin Baba.

8/
Jiki kuma ba ya ruɓewa haka siddan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar bangon mota kuwa ita ce robar nan da kuke rainawa.

9/
Ga yadda abin ke tafiya. Ruwan Agusta ya sauka a rufin mota, ya gangaro gefen ƙofa. In roba na da rai, ya bi ta waje ya zube ƙasa. In ta mutu, ya sulale ciki, ya bi ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi, ya kwanta a ƙarƙashin kafet. Kafet da soson da ke ƙasansa su sha su riƙe.

10/
Rana ta fito, saman kafet ya bushe, ka taɓa ka ce lafiya lau. Ƙasa kuwa jiƙe yake, sati biyu, sati uku, har wani ruwan ya zo ya tarar da shi. Ƙarfe da ruwa da iska in suka kwana ɗaki ɗaya, tsatsa suke haifa. Warin riman nan da kake ta fesa wa turare, sanarwar haihuwar ce.

11/
Wani zai ce, "Ai mu nan ruwan wata huɗu ne, ba Legas muke ba." Gaskiya ne, shi ya sa ma motocinmu suka kawo yanzu. Amma namu bala'in hawa biyu ne. Rana ce ke fara kashe robar, sannan damina ta zo ta tarar da hanya a buɗe.

12/
A watan Afrilu zafin nan yana haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka bari a rana, ƙarfenta ba ya taɓuwa. Zafi da hasken rana da iskar ozon suna tsotse laushin roba, ta ƙanƙance, ta taurare, ta tsage. Roba mai shekara 30 ko 40 a ƙasar nan tamu ta gama aikinta, ta cancanci fansho.

13/
Sai hunturu. Wanda ya taɓa sauka daga titin Zurmi ya bi burji zuwa ƙauye a watan Janairu ya san zancen. Ka shiga da farar shadda ka fito da ja. An ɗaga gilashi ruf, amma ƙura na tashi a cikin mota kamar ana sussuka. Ta ina ta shigo?

14/
Ɓarnar ƙurar nan ta wuce ta tufafi. Tana taruwa a cikin ƙasan ƙofa, ta toshe 'yan hujojin da aka yi don ruwa ya fita. Damina ta zo, ƙura ta zama laka, ƙofa ta zama tukunya. Girgiza ƙofarka bayan an ɗauke ruwa. In ka ji motsin ruwa a ciki, ka san inda aka kwana.

15/
Yanzu ga wanda ya fi damuna, don wannan maganar rai ce. Mota in tana gudu, iska na yin juyi a bayanta, ta riƙe hayaƙin salansa a wurin. In robar but ta mutu, ko ta ƙofar baya a wagon, motar da kanta take zuƙo hayaƙin ciki. In ka ɗan sauke gilashin gaba ma, zuƙar na iya ƙaruwa.

16/
A cikin hayaƙin akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke ɗauke iyali guda cikin dare in an kwana da janareto a ɗaki. Jini ya fi kama ta a kan iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200. Tsohon inji mai kabureta kuma ya fi na zamani fitar da ita, nesa ba kusa ba.

17/
Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci mai nauyi. Sau nawa yaro a kujerar baya ya yi amai tsakanin Ƙaura da Gusau aka ce "ba ya son mota ne"? Wani lokacin haka ne. Wani lokacin kuma guba yake shaƙa. Direban da ke gyangyaɗi da hantsi alhali ya yi barcinsa, a duba masa salansa da robar but kafin a ƙara masa goro.

18/
Na san abin da wasu za su rubuto: "Malam, mutane na fama da 'yan bindiga, hanyar Shinkafi ba ta biyuwa sai da addu'a, kai kana zancen roba." Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, babu gidan da ba ta taɓa ba. Amma ku dubi maganar da kyau.

19/
A hanyar da ba ka son tsayawa ko na minti ɗaya, nan ne ka fi buƙatar direba mai ido biyu, da gilashin da danshin kafet bai sa masa hazo ba, da wayoyin lantarkin da ruwa bai ci ba, da ƙofar da ba sai an ɗaure da igiya ba. Kuma wanda ya samu kuɗin rim a wannan halin, kada ya kawo mini rashin tsaro a matsayin uzurin roba.

20/
Laifin ma bai tsaya kan mai mota ba. Akwai mai fenti. Wallahi akwai aikin da in ka gani sai ka riƙe baki: a fesa fenti a kan roba, a kan tsatsa, a kan ƙura, har a kan tsumman da aka cusa. Don cire roba aiki ne, rufe ta da takarda ma aiki ne, shi kuma sauri yake ya karɓi wata motar.

21/
In ka yi magana ya ce, "Yallaɓai, ai haka a-ka yi, in ta bushe ba ka ganin komi." Eh, yau ba na ganin komi. Fenti a kan roba ba ya daɗewa yake ɓarewa, ya bar ta ta ƙara tauri, tsatsar da aka binne kuma tana can tana cin abincinta a ɓoye. An rufe ƙofa da ɓarawo.

22/
Akwai yaran wankin mota da wasu direbobi masu shafa wa roba baƙin mai ko man gas ko basilin don ta yi baƙi tana ƙyalli. Ku daina, don Allah. Robar ƙofa ta kirki yawanci da wani nau'i ake yin ta mai suna EPDM. Tana jure rana da ruwa da ozon shekara da shekaru, amma ba ta shiri da mai ko giris na fetur.

23/
Mai yana ratsa jikinta, ta kumbura, ta yi laushi kamar cingam, daga baya ta saki. Abin da take so bai da yawa: ruwa da sabulu, a goge, sai ɗan man silikon ko gilisarin. Gilisarin ɗin nan da mata ke saya a kemis saboda kaushin hunturu, shi fa.

24/
Sai mai sayar da kaya da ke da amsa ɗaya ga kowace tambaya: "Zai hau, Alhaji, duk ɗaya ne." Ƙarya ne. Yanke robar mota uku daban-daban ka dubi bakin yankan. Kowace da siffarta, wata da rami a tsakiya, wata da leɓe, wata da ƙarfe a cikinta mai cizon gefen jiki. Milimita biyu kacal na iya raba ƙofar da ke rufuwa da wadda ba ta rufuwa.

25/
Akwai kuma mai arha wadda roba ce a suna kawai, leda ce aka rina. Ranar farko ta fi ta gaske ƙyalli. Bazara ɗaya ta ƙanƙance, ta bar maka taga a kowace kusurwa. Matse ta da yatsu ka saki. Ta kirki tana dawowa nan take, ta banza sai ta tsaya tana tunani. Araha dai ba ta ado.

26/
To ya ake yi? Babu sihiri a ciki. Aikin yini ne a inuwa, ban da jiran bushewar fenti. Ko kai za ka yi ko za ka ba wani, ka san yadda ake yi, don kada a ce maka "an gama, Oga" cikin rabin awa ka yi godiya.

27/
Tun kafin ka sayi komai, duba ƙofar kanta. Buɗe ta rabi, kama ƙarshenta ka ɗaga sama. In tana motsi, hinjinta ya ci, ƙofa ta sunkuya. Sabuwar roba a kan sunkuyayyar ƙofa asarar kuɗi ce, wani gefe zai bar fili, wani ya murƙushe ta. A fara gyara hinji, a daidaita ƙofa har tazararta da jiki ta zama ɗaya ko'ina.

28/
Sannan ka ɗauki hoto. Wannan kam kun iya. Kowace kusurwa, inda robar ta fara, inda ta haɗu, inda leɓenta ya fuskanta. Wayar da ke ɗaukar "motar Baba ta dawo" ta yi aikin lada yau.

29/
Cire tsohuwar a hankali. Wata a cikin siririn ramin ƙarfe take zaune, wata da 'yan kilif aka kafe ta, wata da gam, wata kuma cizon gefe kawai ta yi. Kada ka sa sukundireba kana ƙwaƙula kana kankare fenti. Duk inda ka kankare, ka gina wa tsatsa ɗaki. Ɗan katako mai faɗin baki ya fi.

30/
Kada ka yar da ita! Yanki guntu mai tsawon yatsa daga inda ta fi lafiya ka sa a aljihu, da shi za ka je kasuwa. In ba a samu a Gusau ba, akwai Ƙofar Ruwa a Kano, akwai Panteka a Kaduna, garin da aka haifi motar, akwai Ladipo a Legas. Ka ɗora bakin yankanka a kan nasu ka gani da idonka. Kada ka sayi roba ta waya da kwatance.

31/
Ka auna tsawo da igiya, ƙofa-ƙofa, don ta gaba da ta baya ba su zo ɗaya ba. In da hali, nemi wadda aka ƙera da kusurwarta tun daga masana'anta, ka lura tana da ta hagu da ta dama. Wadda ake yankowa daga naɗi ma tana yi, sai dai a kusurwa mai kaifi takan tattare ko ta lotse.

32/
Yanzu ga wurin da ake gane mai aiki da mai cin kuɗi. Roba ta fita, mazauninta ya bayyana. Abin da za ka gani ba zai yi maka daɗi ba: tsohon gam, busasshiyar laka, jan gari. Nan rabin yinin zai tafi.

33/
A cire tsohon gam tas. A bi tsatsa da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya fito. In an tarar da huji, walda ce maganinsa, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe. Duk wanda ya ce zai cike maka huji da fila, karɓi makullinka ka yi gaba. Fila tana shan ruwa ta baya, wata rana ta faɗo har da fentin.

34/
Bayan nan jan fenti na maganin tsatsa, sannan fentin mota, sannan a bari ya bushe sosai. Sosai na ce, ban ce bushewar "taɓa ka ji" ba. Gam a kan ɗanyen fenti, fentin yake kamawa ya ɗago da shi. In an kwana biyu ana jira ba a yi asara ba.

35/
Tunda kana wurin, tsuguna ka leƙa ƙasan ƙofa. Hujojin fitar ruwan nan, zura musu tsinke ko waya ka buɗe. Na sha ganin inda mai gyara ya toshe su da gam da gangan, wai don kada ruwa ya shiga. Bawan Allah, ta nan yake fita! Ruwa dole ya ɗan shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi, da sanin haka aka ƙera ta.

36/
Ita kuma sabuwar, warware ta ka shimfiɗa a wuri mai ɗumi ta miƙe daga naɗin da ta yi. Goge bayanta da ruwan sabulu ko sifirit ka bari ya bushe, don daga masana'anta takan zo da wani santsi ko farin gari mai hana gam kamawa. Da yawa a nan suke faɗuwa, su koma suna zagin gam wai jabu ne.

37/
Gwada ta ba gam tukuna. Zagaya ƙofar gaba ɗaya, ka tabbatar leɓe ya fuskanci inda na tsohuwar ya fuskanta a hotonka. Fara daga kusurwar sama, ka gangaro ta gefe biyu, mahaɗa ta zo a ƙasa. In ka bar mahaɗa a sama, ka yi wa ruwa mazurari.

38/
In za ka manta komai a zaren nan, riƙe wannan: KADA KA JA TA. Roba tana da zuciya, duk jan da ka yi mata sai ta rama. Ka miƙar da ita yau don ta kai, bayan wata guda ta koma tsawonta, ta ɓalle daga kusurwa ko ta wage baki a mahaɗa. Tura ta ake yi cikin mazauninta da babban yatsa.

39/
Wajen yankewa bar ɗan ƙari, rabin santimita zuwa ɗaya, ka matse bakunan biyu su tokari juna. In ta yi tsawo kana iya ragewa. In ta gaza, sai sabon kuɗi.

40/
Gam kuma ba miya ba ne da za a malala. Inda kilif ko rami ya riƙe, ba a buƙatarsa sai a kusurwa da mahaɗa. Inda ake buƙata: siriri a jikin ƙarfe, siriri a jikin roba, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danna. Je ka kalli mai gyaran takalmi, haka yake yi. Taƙi-taƙi ake bi, ba a shafe ƙofa guda a lokaci ɗaya.

41/
Shi kuma gam ɗin nan mai kamawa nan take da ke zuwa a ƙaramin bututu, ɗigo ɗaya a mahaɗa ya halatta. Amma ba a bin tsawon roba da shi. Yana bushewa ya zama kamar gilashi, roba kuwa kullum cikin motsi take. Inda ya taurare, nan za ta fara karyewa.

42/
An gama, ka tura ƙofa, ta ƙi rufuwa. Nan ne hankalin mutane ke tashi. Kwantar da hankalinka, sabuwa ce, ba ta san gidan ba tukuna. Shekara ashirin ƙofarka tana rufuwa a kan babu, yau ta samu abin tokara.

43/
Abin da ba a yi shi ne a ja da baya a maka ta da ƙarfi kamar ana faɗa da kishiya. Haka ake fasa gilashi, a lalata makulli, a yage robar da aka sayo jiya. Kuma ba a ɗauko reza a fere ta wai ta yi kauri. Wanda ya fere maka roba, ya fere kuɗinka ne.

44/
Ga dabara. Ƙarfen nan da makulli ke kamawa a jikin ginshiƙi, zagaye wurinsa na asali da fensir, ka sassauta shi, ka matso da shi waje kaɗan ka ɗaure. Rufe ƙofar ka bar ta kwana biyu uku, ranarmu za ta taya ka. Bayan sati ɗaya ko biyu roba ta kwanta, ka mayar da ƙarfen ciki a hankali. Ɗan hodar jarirai a jikinta na hana ta manne wa fenti.

45/
Amma kafin ka ɗauki ko da mutum ɗaya, tabbatar makulli na kamawa har hawa na biyu. Ƙofar da ta tsaya a hawa na farko tana iya buɗewa a kwana, kuma kun san wa ke jingina da ƙofar baya: yara.

46/
Gwaji na farko da takardar kuɗi ne. Sa naira 200 tsakanin ƙofa da jiki, rufe, ja. In ta fito tana jan ƙafa, wurin ya kama. In ta zare salin-alin, akwai fili. Bi ko'ina da ita. Kada ka yi da 20 ko 50, na leda ne, santsinsu zai yi maka ƙarya. Kuma ja a hankali, kada gobe ka ce ni na yaga maka kuɗi 😅

47/
Na biyu da ruwa. Mutum ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje da buta. A fara zubawa daga ƙasa ana hawa sama, don in ka fara daga rufi ba za ka gane ta inda ya shiga ba.

48/
Kada kuma a tsaya a ƙofa huɗu. Akwai siririyar da ke share gilashi a bakin taga, akwai ta cikin ramin da gilashi ke hawa da sauka, wadda mutuwarta ke sa ƙarar kwaram-kwaram a kan burji, akwai ta gilashin gaba da na baya, akwai ta but. In kuɗi bai isa duka ba, ni dai ta but zan sa a gaba tare da ɗinkin salansa, saboda abin da na faɗa a kan hayaƙi.

49/
Wani abin takaici a gefe. Ana noman roba a ƙasar nan: Edo, Delta, Ondo, Kuros Riba. Akwai cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da Benin. EPDM ɗin ma daga sinadaran man fetur ake haɗa ta, shi ma muna da shi. Amma Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008. Ƙasar da ta harhaɗa 504 kusan shekara 30, yau ka zaga kasuwa ka ga daga ina robar ƙofarta ke zuwa.

50/
A Turai kuwa masu 504 sun kafa ƙungiyoyi, ana ƙera musu sabuwar roba daidai da ta asali. Peugeot na da gidan tarihi a Sochaux inda ake ajiye irinta ana biyan kuɗi a kalla. Motar da suke lallaɓawa kamar ƙwai, mu muna ɗaure ƙofarta da igiyar guga.

51/
Ban ce kowa ya koma Bature ba. Amma ku da kuke da waya da data da abokai a Kano da Kaduna da Maraɗi, me zai hana ku biyar ku haɗa kuɗi ku sayo naɗi guda na mai kyau ku raba? Ku je tasha ku zauna da tsofaffin direbobin da suka yi zamani da motar nan, ku ce "Baba, ta ina take fara ruɓewa?" Za su nuna muku da yatsa, in kun je tun suna nan.

52/
Masu cewa a sayar da ita a sayi Golf ko Corolla a huta: motarka ce, ra'ayinka ne. In za ka sayar, nemi mai riƙewa, ka ƙyale mai kilo. Amma ka sani Golf 3 ɗin da ke jigila tsakanin Ƙaura da Gusau ita ma ta haura shekara 25. Duk abin da na faɗa a nan ya hau kanta, har da maganar hayaƙi in wagon ce.

53/
Wanda na kasa fahimta shi ne mai cewa yana son motar. Yana rubuta mata kirari, ya biya mai fenti, ya biya mai rim, ya biya mai baƙin gilashi, amma da an zo kan roba ya ce "sai wani jiƙon". Je ka tambayi farashin robar ƙofa huɗu, ka tambayi na waldar ƙasan mota gaba ɗaya, ka dawo mu yi magana.

54/
Lokacin aikin kuma rani ne, Maris zuwa Mayu. Ƙarfe a bushe, fenti na saurin kamawa, roba na laushi a hannu. Wanda ya jira ruwan farko ya sauka, a kan danshi zai liƙa.

55/
Masu turo hotuna a ƙasa, ina maraba. Amma kada wanda ya turo mini gaban mota da tambarin zaki, na ga isassu. Buɗe ƙofar baya, ɗaga kafet, haska tocila, ka ɗauko mana nan.